Neman shawara: gyaran kwale-kwalen roba da tsare kwamfuta a cikinsa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kwale-kwalen roba irin wanda ake hura wa iska, tsawonsa mita 3, ƙasansa roba ce zalla, da an taka sai ta lotsa. Ina so in sa masa daɓen katako, in manna zobban ɗaure kaya, in kuma ɗora ƙaramin injin lantarki. Tafiyar da ke gabana sai na hau jirgin sama kafin in kai bakin ruwa, ga laftof da kyamara saboda bidiyo. Ta ina zan fara? Wane gam ne ke riƙewa? A kan me zan riƙa adana bidiyon?

Mai faci: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sayi gam sai ka san irin robar da ke hannunka. Iri biyu ne: PVC da Hypalon, wanda yanzu ake kira CSM tun da DuPont ya daina yinsa a 2010. Gam ɗin wannan ba ya kama wancan, kuma nan ne yawancin faci ke lalacewa. PVC na sheƙi, ciki da waje launinsa ɗaya. Hypalon ba ya sheƙi, cikinsa baƙi ne ko toka-toka. In kana kokwanto, ɗiga asiton, ruwan goge fentin farce, a tsumma ka goga a wani lungu: PVC zai yi danƙo, Hypalon ko gezau.

Gam ya zama mai haɗi biyu, wato gam da ruwan da ke ƙarfafa shi. Na cikin ƙaramin bututu da ke zuwa da jirgi na gaggawa ne kawai, ba zai riƙe zoben da ake ja da ƙarfi ba. Yawanci ana haɗa kashi 25 na gam da kashi 1 na ruwan, amma bi abin da ke jikin gwangwani, kuma ka haɗa kaɗan, don bayan kamar awa 4 ya mutu.

Hura jirgin, ɗora zoben inda kake so, zagaye shi da fensir, sannan ka kewaye layin da tef. In PVC ne, goge fuskokin biyu da MEK, sinadarin wanke roba kafin a shafa gam, har su yi ɗan danƙo. In Hypalon ne, sai ka kankare da samfefa har sheƙin ya tafi, ka goge da sinadarin tolwin. Shafa gam siriri a fuskokin biyu, bar shi minti 20 zuwa 30 ya bushe, ka sake shafa na biyu, ka jira kamar minti 5 ya yi danƙo. Daga nan ka haɗa, ka danne da rola ko bayan cokali daga tsakiya zuwa baki don iska ta fita. Da sun haɗu ba gyara, saboda haka ka daidaita hannunka tun farko. Kada ka ɗora masa nauyi sai bayan awa 48, cikakken ƙarfinsa kuwa sai ya kusa mako.

Abin da ya fi ɓata aikin shi ne laima. In danshin iska ya haura kashi 60 cikin ɗari, za ka ga gam ɗin ya yi fari-fari, wato raɓa ta kwanta a kansa, kuma ba zai kama ba. Yi aikin a inuwa, inda iska ke wucewa, nesa da wuta, da safar hannu. In facin huji ne, ya wuce hujin da santimita 5 ta kowane gefe, a kuma zagaye kusurwoyinsa, domin ta kusurwa yake fara ɗagowa.

Kafinta: Batun daɓe, Malam, nemi filawud na ruwa mai kaurin milimita 12. Na kayan ɗaki zai kumbura ya rabu. Hura jirgin sosai kafin ka ɗauki awo, ka yanka kwali daidai da cikinsa ta yadda bakinsa zai shige ƙarƙashin bututun iska, sai ka kwafa a kan katako ka rage kamar santimita 1 a kewaye. Raba shi gida uku don ya yi sauƙin ɗauka. Murje bakin ya zama zagaye, shafa ifoksi, gam mai hana ruwa shiga katako, hannu biyu ko uku, musamman a bakin, don ta nan katako ke shan ruwa. Sannan ka tsaga tiyo ko soson rufe bututun ruwa ka lulluɓe bakin kaf. Baki mai kaifi yana cin roba a hankali ba ka sani ba. Duk kusar da za ka sa ta zama ta ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, kanta ya nutse cikin katako, kada komai ya tsiro ta ƙasa. In akwai bawul a ƙasan jirgin, buɗe masa rami. Ana sa katakon ne jirgin na da ɗan iska, sannan a cika shi ya matse.

Injiniya: Aikin Kafinta daidai ne, amma ga mai hawa jirgin sama ban goyi bayansa ba. Filawud mai wannan kauri yana kai kilo 7 a kowace murabba'in mita, daɓenka zai kai wajen kilo 10, alhali yawancin kamfanoni kilo 23 suke ba jaka ɗaya. Gara daɓen iska mai zare a ciki, wanda ake hurawa har matsin iskarsa ya kai bar 0.7 ko 0.8 (bar ma'aunin matsin iska ne), ya yi tauri ka tsaya a kai, ya kuma naɗe.

Ka mallaki gejin auna matsin iska. Bututun irin wannan jirgi yawanci bar 0.25 yake so, masu arha marasa zare a cikin roba ƙasa da haka sosai, duba abin da aka rubuta kusa da bawul. Iskar da ka hura 0.25 a sanyin digiri 20, in rana ta kai ta digiri 50 za ta haura wajen 0.38, abin da ke ɓarka ɗinki ke nan. In ka fito da shi tudu da rana, rage iska. In ya yi laushi bayan ya shiga ruwan sanyi, ƙara kaɗan. Yoyo kuwa, fara zargin bawul: shafa ruwan sabulu, in ya yi kumfa ka ƙara ɗaure shi da sifanarsa.

Inji mai ƙarfin turi na fam 30 ya ishe ka, yana jan kusan amp 30 a cikakken gudu. Batirin litiyam irin LiFePO4 na 100Ah zai ba ka wajen awa 3, nauyinsa kilo 11 zuwa 13. Na dalma ya ninka haka nauyi, kuma rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe. Sa fis ko bireka dab da kan batir, ka ɗaure batirin a akwati a tsakiyar jirgi, in ya koma baya hancin zai ɗaga. Sai dai ka sani, batirin nan 1,280Wh ne (Wh ma'aunin wutar da batir ke ɗauka ne), ba zai hau jirgin saman fasinja ba. Iyaka 100Wh ce a jakar hannu, zuwa 160Wh da izinin kamfani. Gam da MEK ma ba sa hawa, masu kama wuta ne. Waɗannan sai a can. Rigar kariya daga nutsewa da filafili kuwa dole ne, ko da inji.

Hajiya mai ɗaukar hoto: Ƙanena, na'urar adana bidiyo iri biyu ce, SSD da HDD; a kan ruwa SSD za ka riƙe. HDD faifai ne ke juyawa a cikinsa sau 5,400 a minti, da allura tana shawagi a samansa, bugu ɗaya yana cikin aiki ya isa ya kashe shi. SSD ba abin da ke motsi a ciki. Duba lambar jikinsa: IP67 na jure nutsewa mita 1 na minti 30, IP55 da IP65 feshi kawai suke jurewa.

Yi lissafi kafin ka saya. Bidiyon 4K a kan 100Mbps yana cin 45GB a awa, awa 10 sun ci 450GB. SSD biyu na 1TB sun fi ɗaya na 2TB, don kowane dare za ka kwafa a kan duka biyun, ka sa su a jakunkuna daban. Kada ka share katin memori sai ka buɗe fayilolin ka ga suna aiki. Lambar saurin katin ta zama V30 ko sama, SSD ɗin kuma a yi masa fomat da tsarin exFAT, domin tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce 4GB.

Jakar hana ruwa shiga da ake naɗe bakinta sai an naɗe sau uku, kuma ba a yi ta don nutsewa ba. Laftof akwati mai tauri yake so, mai zoben roba a murfi, da soso da ƙullin silika mai shanye laima a ciki. Kashe shi gaba ɗaya kafin ka rufe, in barci kawai ka sa shi yana iya farkawa ya yi zafi. Lulluɓe akwatin daga rana, ka ɗaure shi a zobe.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na goga asiton, PVC ne. Saura ajiya bayan na dawo.

Mai faci: Wanke shi da ruwa mara gishiri da sabulu mai laushi, ka fitar da yashin da ke maƙale tsakanin bututu da ƙasa, ya bushe sarai kafin ka naɗe. Guji man gogewa mai silikon, bayansa gam ba ya sake kamawa. Naɗa shi sakwa-sakwa, ka sa a akwatin da ɓera ba zai shiga ba, nesa da rana da fetur.

Hajiya mai ɗaukar hoto: Da ka isa gida, kwafe bidiyon a kan HDD, ka kuma ɗora kwafi ɗaya a intanet. SSD da aka bari shekaru ba wuta, musamman a wuri mai zafi, yana iya zubar da abin da ke cikinsa.