Neman shawara: zuƙe kitsen ciki bayan haihuwa uku

Salamu alaikum 'yan uwa. Haihuwata uku, nauyina kilo 78, tumbi ya ƙi sauka duk da motsa jiki. An ce in yi tiyatar zuƙe kitse. Yaya ake yin ta, kuma za ta yi min magani?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kafin komai ki kwanta rigingine, ki ɗaga kai, ki danna yatsu a saman cibiya. In kika ji rami tsakanin naman ciki, to juna biyu ne ya buɗe shi, zuƙe kitse ba zai haɗe shi ba. Aikin yana cire kitsen ƙarƙashin fata ne kawai, wanda kike iya mintsinawa. Na cikin ciki da ya kewaye hanji ba a taɓa shi. In fatar ta saki, za ta ƙara sakwarkwacewa bayan zuƙar, sai dai a yanke ta a ɗinke naman.

Amsa ta 2: Hanyar da aka fi bi ita ce ta Dakta Jeffrey Klein na Amurka, tun 1987. Ana tsaga fata kamar milimita 4, a ɗura ruwan gishiri haɗe da lidocaine mai kashe zafi da adrenaline mai tsuke jijiyoyin jini, har wurin ya cika ya yi tauri. Bayan 'yan mintuna a zura siririn bututun ƙarfe mara tsini, milimita 3 zuwa 4, ana kai da komo inji na zuƙa. In likita ya matso da bututun kusa da fata da yawa, nan ake samun tudu da kwari. Lidocaine kan kai ƙololuwa a jini wajen awa 12 bayan aikin, shi ya sa dindirisin baki ko ƙara a kunne da daddare, alamun maganin ya yi yawa a jini, ba abin jira ba ne. In abin da za a cire ya haura lita 5, kwana a asibiti dole.

Amsa ta 3: Hajiya, a duba cibiyarki da hoto tukuna. In hanji na leƙowa ta nan, bututun zai iya huda shi. A gwada jini, sikari da sikila, ki gaya musu in kina shan ƙwayar tsarin iyali, don tana iya jawo daskarewar jini. Ki fara tattaki tun ranar farko, rigar matsi sati 4 zuwa 6, kumburi kuwa sai wata 3 zuwa 6. Numfashi ya yi wuya ko ƙafa ɗaya ta kumbura, asibiti nan take. Ki tabbatar likitan tiyatar gyaran jiki ne mai rajista da MDCN, hukumar likitocin Nijeriya, kuma akwai likitan sa barcin tiyata a ɗakin.