Siririyar ƙarar tsohuwar kwamfuta: me za mu kira ta da Hausa?

Jama'a, kalma nake nema. Jiya a shagonmu da ke Computer Village, Ikeja, aka kawo wata tsohuwar kwamfuta mai suna Commodore 64, ƙirar 1982, irin wadda ake jona wa talabijin mai ƙeya. Muna kunnawa yaron shago ya toshe kunne, wai wani abu na huda masa kai. Maigida, wanda ya ba sittin baya, ya ce: "Kai yaro, gudun aiki dai kake yi, ni ban ji komai ba."

Yaron bai yi ƙarya ba. Akwai wata taransifoma a cikin irin wannan talabijin da ke karkarwa sau 15,625 a daƙiƙa guda, saboda maganaɗisu na ja yana saki a ƙarfen da aka naɗe da waya. Kunnen yaro kan kama karkarwa har kusan sau 20,000 a daƙiƙa, na dattijo kuwa tuni ya sauko. Da allon kwamfuta irin na VGA ya fito a 1987, adadin ya ninka zuwa wajen 31,500, kunne ya daina kaiwa. Turawa na kiran irin wannan ƙara coil whine. Mu fa?

"Ƙara" ta yi faɗi, har janareto ƙara yake yi. Wani ya ce "fito", amma fito sai da leɓe, kuma da gangan ake yin sa. "Kukan sauro" ya burge ni, sai dai sauro zuwa yake yana komawa, wannan kuwa tsaye take cak kamar zare.

Da yamma na tambayi wani dattijo mai gyaran rediyo a Agege. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce: "Ɗana, ai tsuwwa ce. Ɓera ma tsuwwa yake yi." Nan take ta zauna min. Siririya ce, daga lungu take fitowa, kana ji ba ka ganin mai yin ta.

Saura "kwayil", wato coil ɗin da ke cikin coil whine. Na san wasu za su ce maganin sauro, amma duk bakaniken da ya taɓa buɗe janareto ya san kwayil ɗin da ake nufi. "Naɗin waya" ya fi zama Hausa, sai dai tsayi.

Ni dai na tsaya a kan "tsuwwar kwayil". Mutanen Sakkwato da Zazzau, in kuna da wadda ta fi, bismillah. Maigida kam har yanzu cewa yake sunan abin da babu shi muke nema.