Neman shawara: tarwadata na mutuwa, latas ɗin ma ya ƙi tashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu kiwon kifi ku agaza min, kaina ya kulle.

A Kano nake, wajen Rijiyar Zaki. Shekara biyu da suka wuce na yi kiwon tarwada a tamfol, amma ruwan ƙarnin da nake saki a lungu ya kusa haɗa ni faɗa da maƙwabta, dole na haƙura. Bana sai na ga tsarin nan da ake kira akwafonik, wanda ruwan kifi ke bi ta cikin tsakuwar da aka dasa ganye, shuka ta sha dattin, ruwan ya komo wa kifi a tace. Ba ƙasa, ba taki, ba zubar da ruwa. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na sayi tankin roba mai keji na lita 1000, mai gyaran famfo ya yanke samansa kamar santimita 30, muka kifa shi a kan na ƙasan, muka cika da tsakuwa. Na tara ruwa ranar Asabar, Lahadi na zuba 'ya'yan tarwada 100 masu tsawon yatsa, na dasa latas da alayyahu. Yau kwana 12. Tun kwana na takwas kullum da safe sai na tsame biyu ko uku, jiya biyar, jimla 17. Sauran sun rataye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, ba sa rububin abinci kamar da. Ina ba su rabin gwangwanin madara sau uku a rana. Injin ruwan kuma da wutar NEPA yake aiki, in an ɗauke ya tsaya. Ga zafin Maris. Maigidan bai ce komai ba, amma kallon da yake yi wa tankin ya ishe ni. Me na yi ba daidai ba?

Mai kifi daga Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da ƙoƙari, kuma ba cuta ce ta shiga miki ba, ruwan ne bai nuna ba kika zuba kifi. Shuka ba ta shan dattin kifi kai tsaye yadda ake nunawa a bidiyo. Kifi yana fitar da amoniya, ita kuwa guba ce. Akwai bakteriyar da ke zama a jikin tsakuwa, kashi na farko su juya amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne, kashi na biyu su juya shi ya zama naitiret, shi ne takin da ganye ke sha. Waɗannan halittu sai sun yi sati huɗu zuwa shida kafin su hayayyafa su riƙe tanki. Ke kwana ɗaya kika ba su.

Kwanakin da kike ciki yanzu su ne na naitirait. In wani ya sake mutuwa, ɗaga murfin kunnensa ki duba inda yake shaƙa. Lafiyayye ja ne wur, wanda gubar ta kama sai ki ga ya koma ruwan ƙasa, don jinin ya daina ɗaukar iska. Shi ya sa suke ratayewa a sama.

Yau ɗin nan ki tsayar da abinci gaba ɗaya, kwana uku. Kada tausayi ya kama ki, yunwar kwana uku ba ta kashe tarwada. Kullum ki kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan ki zuba sabo. In na famfo ne ki bar shi a buɗe kwana biyu kulorin ya fice, don yana kashe bakteriyar da kike jira. Ki zuƙe ragowar abincin da ya kwanta a gindin tanki da tiyo. Ki narka gishiri kamar rabin kilo ki zuba, yana rage shigar gubar jikinsu. Tsakuwar kuwa kada ki wanke ta ko da ta yi santsi, santsin nan shi ne jarinki.

Baban Yara:
Hajiya ki nemi kafso ja da rawaya ki fasa guda goma a ruwan, ki haɗa da ruwan shuwaka. Ni haka nake yi a kandamina.

Mai kifi daga Zariya:
Haba Alhaji, kar ka sa ta yi ɓatan ɓakatantan. Kafson nan maganin kashe bakteriya ne. Kai kana sauya ruwa kullum, ba ka dogara da su ba. Ita in ta zuba, 'yan waɗanda suka fara taruwa za su mutu, ta koma ranar farko. Kuma ganyen da zai sha ruwan cikin tukunyarta zai ƙare.

Tsohon malamin gona, Katsina:
'Yata, ni lissafi zan yi miki, don ko ruwan ya nuna akwai sauran rina a kaba. Faɗin kwamin da kika yanka bai wuce murabba'in mita ɗaya da ɗan ɗoriya ba. A ƙa'idar da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta bayar a littafinta na 2014 kan ƙananan tsare-tsare irin wannan, murabba'in mita ɗaya na ganye yana ɗaukar dattin abinci giram 40 zuwa 50 a rana. Ke kina zuba ninkin haka tun kifin suna kamar yatsa. Yanzu ki ƙiyasta sun kai kilo ɗaya-ɗaya, su 83, a ruwan da bai wuce lita 700 ba. Wace tsakuwa ce za ta tace wannan?

Ki zaɓi 20 masu kai ɗaya ki bari, sauran ki mayar tsohon tamfol ɗinki ko ki sayar. Masu kai ɗaya na ce, domin tarwada in wani ya fi wani girma haɗiye shi yake yi.

Sannan gaskiya ɗaya ce: wannan tanki ba zai ba ki kifin kai wa kasuwar Galadima ba. Miyar gida zai ba ki, da ganye ɗanye kullum. In riba kike nema, ki koma tamfol, ki yi 'yan kwamai na ƙasa ko buhuna a gefe, ki riƙa ba su ruwan da a da kike saki a lungu. Ba inji, ba fargabar ɗauke wuta, kuma maƙwabta sun huta. Ban ce ki fasa ba, ki dai san abin da kika shiga.

Maman 'yan biyu, Kaduna:
'Yar'uwa sannu, ni ma na sha wannan ɗacin. Nawa tankin a Panteka na saya, sai da na yi ta bincike me aka taɓa zubawa a ciki, ke ma ki tambayi wanda ya sayar miki, don wasu sinadarai ba sa fita da wanki.

Abu biyu suka ba ni wahala. Na farko tsakuwa. Ki ɗebi 'yan ƙwayoyi a kofi ki zuba musu ruwan khal ko lemon tsami. In kika ga suna tsatsafo da kumfa, dutsen farar ƙasa ne, zai riƙa ɗaga ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, ya wuce 7, shuka ta kasa cin abinci, amoniya kuma ta ƙara dafi. Tsakanin 6 da 7 ake so. Ni sai da na juye baro uku na sake da ta dutsen da ake fasawa don kankare.

Na biyu, kuma har yau in na tuna raina na ɓaci: wani yamma aka yi feshin sauro a tsakar gida, tankin a buɗe. Da asuba na fito da tocila na tarar da su birjik, ciki sama. Don haka ko ƙwari sun kama ganye kada ki fesa komai, ki bi da hannu ko ki wanke da ruwa.

Latas kuma ki haƙura da shi sai hunturu, a zafin nan tsiri zai yi ya yi ɗaci. Ki bar alayyahun, ki ƙara yakuwa da ɗoɗɗoya. Na'ana'a tana yi sosai, amma saiwarta ta taɓa toshe min bututu, ki sa ta a gefe. Nan gaba in sabon ganye ya yi ɗorawa jijiyarsa na kore, sinadarin ƙarfe ne ya yi ƙaranci, ana sayar da na zubawa a ruwa.

Ɗan sola:
Anti, maganar wuta ba a taɓa ba. Tarwada tana da abin shaƙar iska a kai, za ta jure, amma bakteriyar ba za su jure tsayuwar ruwa na wuni guda ba. Ki nemi ƙaramin injin ruwa mai bolt 12, da farantin sola ɗaya da batir, wanda zai juya ruwan tankin duka a cikin awa guda. Ki yi wa tankin inuwa da zana ko tabarma don kada ya yi gansakuka, ki rufe da raga, suna tsalle da dare.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba malamin gona, maganarka ta yi zafi amma na ji. Na tsayar da abinci tun shekaranjiya, ina sauya ruwa, jiya ɗaya ya mutu, yau babu. Na duba kunnen na jiyan, ruwan ƙasa ne kamar yadda Malam na Zariya ya faɗa. Tsakuwar ba ta yi kumfa ba, alhamdulillah. Maigidan da kansa ya ɗaura min tamfol ɗin, mun mayar da 62 can, ya ce shi zai yi kwaman buhun. Malam, in ƙawata da ta daɗe tana yin akwafonik ta ɗebo min bokiti ɗaya na tsakuwarta a jiƙe na zuba a tawa, zai rage min kwanakin jiran?

Mai kifi daga Zariya:
Zai rage sosai Hajiya, in dai kifinta lafiya suke. Ki kawo ta cikin ruwan tankinta, kada ta bushe a hanya, ki binne ta daidai inda ruwa ke zuba.