Ciwon hanjin maigidana ya ƙi jin magani, likita na zargin CMV

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maigidana na fama da gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira ulcerative colitis. Ciwon ya tashi, aka ɗora shi kan prednisolone, maganin rage kumburi, amma gudawar jinin ta ƙi tsayawa. Cikin dare sai ya dafa bango yake kaiwa banɗaki, ga zazzaɓi. Yanzu likita na zargin wata ƙwayar cuta ta virus mai suna cytomegalovirus (CMV), ya ce za a zura na'ura a tsinko ɗan naman hanjin. Shi kuma ya ce ya gaji, zai ajiye magungunan duka. Wallahi hankalina a tashe yake.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Don Allah kada ya yanke prednisolone lokaci ɗaya, jininsa na iya faɗuwa ya galabaita. Likita ne zai riƙa rage shi sannu a hankali. Ita CMV, yawancin manya na ɗauke da ita tana kwance lamo. Sai an danne garkuwar jiki da irin su prednisolone ko azathioprine take farkawa, ta kama inda hanjin ya riga ya kumbura. Alamominta da na tashin ciwon kusan ɗaya ne, gwajin jini kaɗai kuma ba ya raba gardama. Ki lallashe shi ya yarda a ɗauki naman.

Mai irin ciwon: Hajiya, ni ma an same ta a hanjina. Tsinkar naman ban ma ji ta ba, iskar da suke hurawa ce ta ɗan dame ni. Ganciclovir aka fara ba ni ta jijiya, sannan ƙwayar valganciclovir. Yawanci mako 2 zuwa 3 ake yi. Za su yawaita ɗibar jininsa, domin maganin na rage fararen ƙwayoyin jini.

Wata 'yar'uwa: Allah Ya ba shi lafiya. Ko za ki ba shi maganin tsayar da gudawa kafin nan?

Ma'aikaciyar jinya: A'a, ban da maganin tsayar da gudawa irin su loperamide, yana iya sa hanjin ya buɗe fiye da kima, abin ya zama na tiyata. Ban da ibuprofen da diclofenac. Ki tambaya ko an gwada kashinsa don C. difficile, wata ƙwayar cuta mai kawo gudawa. Kuma in gudawar jinin ta kai sau 6 a rana ga zazzaɓi, kwanciya asibiti ta kama shi yau, kada ku jira ranar ganin likita.

Mai tambaya: Ta wuce shida tun jiya. Na karanta masa, ya amince, yanzu za mu tafi. Ku sa mu a addu'a.