Ɗan dako, ɗan kamasho ko ɗan lodi? Neman suna ga furotin ɗin bitamin E

Jama'a, a agaza mani da kalma. Ina haɗa darasi da Hausa don ɗalibai masu karatun kiwon lafiya a nan Katsina, na zo kan yadda bitamin E ke isa ga jijiyoyi, sai na cije. Akwai wani furotin da Turawa ke kira tocopherol transfer protein, suna taƙaita sunan da TTP. Kalmar tsakiyarsa ita ce wadda muka ara muke cewa taransifa. To mu taransifa ko dai ta kuɗi ce wurin mai POS, ko ta ma'aikacin da aka ɗauke daga cikin birni aka tura Baure. In na rubuta "furotin ɗin taransifa", dariya kawai yaran za su yi.

Ga aikinsa, don kada a raɗa wa yaro suna ba a ga fuskarsa ba. Bitamin E ɗan gidan mai ne, ba ya narkewa a ruwa. In ka ci ƙuli-ƙuli ko miya da man gyaɗa, sai ruwan maɗaciya ya taimaka hanji ya tsotse shi tare da maiƙon, daga nan a kai shi hanta. Bitamin E iri 8 ne. Riɗi ya fi yawan wanda ake kira gama-tokoferol, manja kuma ya cika da dangin tokotirayinol. Amma jiki irin da ake kira alfa-tokoferol yake so. Wannan furotin yana zaune cikin ƙwayoyin hanta, shi ke tsamo alfa daga cikin taron, ya kai shi bakin ƙwayar, a zuba shi cikin ƙunshin maiƙon da ke yawo a jini, irin su LDL da HDL da kuke gani a takardar gwajin kolestarol. Kamun da yake wa gama bai wuce kashi 9 cikin 100 na wanda yake wa alfa ba, shi ya sa mafi yawan sauran hanta ke farfasa su a fitar.

Ni dai ɗan dako na fara rubutawa. Me kuka gani?

Malamin Hausa mai ritaya, Ƙofar Sauri:
Ɗana, mi ya kai ka kasuwa neman suna alhali nahawu na gida? Harshenmu na da hanyarsa: ma- a gaba, -i a baya. Noma, manomi. Ƙira, maƙeri. Tunda aikinsa ɗora kaya ne, ka ce maɗori.

Ni:
Allah ya gafarta Malam, maɗori ai yana da mai shi. Duk wanda ya taɓa faɗowa daga kan babur ya san gidan maɗori. In ɗalibar jinya ta ji "maɗorin hanta", za ta zaci hanta ce ta karye.

Malamin Hausa:
Ka kama ni. To miƙa fa? Mamiƙi.

Ni:
Wannan ya zauna a ƙa'ida, Malam, sai dai a waya ba kowa ke sa wa ƙ ƙugiyarta ba. Kwana biyu zai koma mamiki, daga nan wani ya gyara mana shi zuwa mamaki.

Wata ma'aikaciyar jinya, Daura:
Malam, ni ɗan dakon ne bai kwanta mani ba. Ɗan dako da kai yake tafiya har inda za ka sauke. Wannan kuwa, yadda ka bayyana, ba ya barin ƙwayar da yake ciki. Masu tafiyar su ne LDL da HDL. Kuma ɗan dako bai taɓa cewa buhun gero zan ɗauka, na dawa ban so ba. Ka je kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ka gani.

Ni:
Gaskiyarki, Hajiya. Na janye shi. Na sa wa mai tasha sunan matafiyi.

Wani direba, layin Katsina zuwa Daura:
Yallaɓai, ban yi boko mai nisa ba, amma wanda kuke siffantawa na san shi. Yana tasha kullum, ba ya bin mota, shi ke cewa kai shiga, kai jira ta gaba, ya karɓi jakarka ya kai but. Ɗan kamasho ke nan.

Ni:
Na yi dariya da na karanta wannan, sannan na yi shiru, don ya fi duk abin da na zo da shi. Zaɓen yana ciki, zaman wuri ɗaya yana ciki, har ɗan tattakin nan daga bakin tasha zuwa jikin mota yana ciki. Abin da ya hana ni rungumarsa gaba ɗaya shi ne kamashon kansa. Sunan daga kuɗin da ake yanka masa ya fito, furotin kuwa ba ya cin ko ƙwandala a kan bitamin ɗin. Kuma kalmar ta kwaso ƙurar tasha, wanda aka ce wa ɗan kamasho a wajen tasha ba yabonsa aka yi ba. A aji zan yi misali da shi, "ɗan kamashon hanta", yara ba za su manta ba. A rubuce ina son wani.

Wani mai harhaɗa magunguna, Ƙofar Kaura:
Yayana, ko a ajin ma cire "hanta" daga sunan. Ba a hanta kaɗai yake ba. Yana cikin ƙwaƙwalwa, kuma nan ne darasinka ya dosa. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge, ni ganuwa nake ce mata, don ba a hawa ta ko'ina sai ta ƙofa. HDL kan zo jikin ganuwar, wata ƙofa mai suna SR-BI ta karɓi bitamin ɗin ta shigar. A ciki akwai ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke yi wa ƙwayoyin jijiya hidima. Binciken da aka yi a kan ɓeraye da ƙwayoyin da aka rena a ɗakin gwaji ya nuna wannan furotin yana cikinsu, suna sake zuba bitamin ɗin a ƙananan ƙunshin maiƙo masu ɗauke da wani furotin mai suna ApoE, ƙwayar jijiya ta kama ƙunshin ta haɗiye. Ka ga lodi biyu ke nan, ɗaya a hanta, ɗaya bayan ganuwa.

Ni:
Ƙanena, ka faɗi kalmar ba ka lura ba. Lodi. LDL da HDL tankokin mai ne, hanta daffo ce, a daffo kuwa lodi ake yi. Tanka ba ta zuba wa kanta, kuma ba kowane mai ake zuba mata ba, sai wanda ke kan takarda.

Malamin Hausa:
Lodi ai aro ce ita ma. Ka gudu daga taransifa ka faɗa lodi?

Ni:
Aro ce, Malam, amma ta daɗe har ta yi jikoki: 'yan lodi, an gama lodi, mota na kan lodi. Tsohuwa a ƙauyen Mashi ta san ta. Kuma ma'anarta ba ta kauce ba yadda taransifa ta kauce.

Ma'aikaciyar jinya:
Tunda ana raɗin suna, shi tokoferol ɗin fa? Na ji wasu na ce masa bitamin haihuwa.

Ni:
Hajiya, wannan kam kada mu bari ya bi gari. Asalinsa gaskiya ne. A 1922 Herbert Evans da Katharine Bishop, a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, suka ga ɓerayen da aka hana wani abu na cikin ganye da ƙwayar alkama cikinsu ba ya zama. A 1936 aka ware abin, aka haɗa masa suna daga kalmomin Girkanci biyu, haihuwa da ɗauka, kusan yadda muke cewa ɗaukar ciki. Amma wannan labarin ɓera ne. A jikin mutum, inda rashinsa ke bayyana shi ne jijiyoyi. Bangon ƙwayar jijiya cike yake da maiƙo mai saurin lalacewa, irin yadda man gyaɗa kan canza wari in an bar shi a buɗe, bitamin E kuma shi ke zama cikin bangon yana tare wannan ɓarnar. Ranar da muka ce bitamin haihuwa, washegari masu lasifika a bayan mota sun samu haja. Alhali babba miligiram 15 yake buƙata a rana, kuma ƙwayoyin maganin bitamin E masu ƙarfi na iya jawo zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini.

Mai harhaɗa magunguna:
Ka sa masu cutar rashin aikin wannan furotin a darasin, ita ce ke nuna nauyin sunan. A wasu iyalai a Tunisiya aka ga yara, galibi tsakanin shekara 5 zuwa 15, suna fara tangaɗi, magana na sarƙewa, ba sa jin inda ƙafarsu take in sun rufe ido. Abincinsu lafiya, hanjinsu na tsotsewa lafiya, amma jininsu kusan babu bitamin E. A 1995 aka tabbatar matsalar gado ce a ƙwayar halittar da ke ƙera wannan furotin, a kan kuromosom na 8, sai yaro ya gada daga uwa da uba duka. Ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, mai daidaita tafiya, tana cikin wuraren da suka fi jin jiki. In an gano da wuri, likita ya ɗora mutum kan bitamin E mai yawa har ƙarshen rayuwa, cutar kan tsaya.

Direba:
Wato kaya na daffo, tanka na layi, mai zubawa ne bai zo aiki ba.

Haka zan faɗa masu, Direba, da izininka. Ga abin da na rubuta a shafin: "Furotin ɗan lodin bitamin E, TTP a taƙaice, shi ne ke zaɓar alfa-tokoferol a cikin ƙwayar hanta da ƙwayoyin tauraro na ƙwaƙwalwa, ya miƙa shi ga tankokin maiƙo." Jam'insa 'yan lodi. Ganuwar ƙwaƙwalwa ma na ɗauka.

Malamin Hausa:
Na sa hannu, amma da sharaɗi. Tun ɗazu kuna ta jijiya, jijiya. Wadda ake ɗibar jini ce, ko wadda mahauci ke yankewa a agara, ko mai kai saƙo? Gyara wannan kafin ka shiga aji ranar Litinin.