Neman kalma kafin ƙarfe bakwai: me za mu kira David Grusch?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ƙarfe bakwai za a karanta rahotonmu kan David Grusch, tsohon jami'in leƙen asirin sojan saman Amurka da ya shaida wa kwamitin majalisar wakilai ran 26 ga Yuli 2023 cewa gwamnati na ɓoye tarkacen jiragen da ba ɗan'adam ya ƙera su ba. Ku taimaka da Hausar whistleblower.

Editan Dare: Mai kwarmata bayanai. Ita kunne ya saba da ita.

Malama: Yallaɓai, kwarmato irin na Edward Snowden ne, tsohon ɗan kwangilar hukumar leƙen asirin Amurka, da ya miƙa wa 'yan jarida takardun sirri a 2013. Grusch ta ƙofa ya bi. Ya kai wa babban sufeton hukumomin leƙen asiri ƙorafi a 2022, kuma sai da ma'aikatar tsaro ta tantance kalamansa kafin ya yi hira. Tantancewar tana nufin babu sirrin ƙasa ciki, ba ta gaskata shi ba. Mai sauraro a Najeriya kuwa zai tuna tsarin gwamnati na 2016 na bai wa mai kwarmata satar kuɗin gwamnati ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato, ya zaci kuɗi mutumin ke nema.

Malamin Nahawu: Matoni. Matoniya, matona. Daga tona, kamar manomi daga noma. Kalma guda, Hausa tsantsa.

Malama: Malam, ba a tona sai abin da ke binne. In muka ce matoni, mun yanke hukunci cewa jiragen suna nan. Shi kansa bai ce ya gan su ba, shaidu fiye da 40 ya ce ya tattauna da su. Ofishin AARO na ma'aikatar tsaron Amurka, mai binciken abubuwan da ake gani a sama ba a san ko mene ne ba, kuma ya ce a Maris 2024 bai sami hujja ba.

Editan Dare: Kuma mutumin kasuwa zai zaci mai tonon rijiya ne.

Malamin Nahawu: Haka kuke yi kullum. 'Yan rediyo sun mai da Hausa 'yar aiken Turanci, kowace kalma sai an ja mata jimla.

Editan Dare: Ranka ya daɗe, mu ake saurare a gona, ba ƙamus ba.

Mai Fassara: Lokaci ya ƙure. Na rubuta "tsohon jami'in da ya kai ƙorafi", sai "ya yi iƙirarin cewa" gaban kowane zargi nasa.

Malamin Nahawu: Wannan bayani ne, ba kalma ba ce. To, a tafi da shi yau. Amma a sa matoni a jerin kalmominku don irin su Snowden.