Ƙyanda ta shigo gidanmu, Abba bai karɓi allura ta biyu ba

Maman Abba, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina a tashe yake. Gidan haya muke, tsakar gida ɗaya. Kwana uku ke nan ɗiyar maƙwabciyata na fama da zazzaɓi da tari, idanu jajir. Yau da safe ƙuraje suka feso mata daga bayan kunne zuwa fuska. Jiya ma tabarma ɗaya suka kwanta da Abba. An yi mashi allurar ƙyanda ta wata 9, amma ta wata 15 ta zo ina wankan jegon ƙanwarsa a Daura, sai ta wuce ni. Yanzu ya kusa shekara biyu. Za su karɓe shi kuwa? Hajiyar maigida ta ce baƙon dauro ba a tare shi, gara ya fito a huta.

Ma'aikaciyar lafiya:
Wa alaikumus salam. Maman Abba, gobe da sassafe ki ɗauki katinsa ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Kyauta ce, kuma lokaci bai ƙure ba. Idan aka yi ta cikin kwana uku da cuɗanya da mai cutar, takan taimaka. Ta wata 9 ba kowane yaro take kamawa ba, shi ya sa ake ƙara ta biyu. Jaririyar ce ma ta fi damuna, tunda ba ta kai wata 9 ba. Kada a shiga da ita ɗakin mai ciwon, cutar takan yi awa biyu a cikin iska bayan mai ita ya fita. Ita ma yarinyar a kai ta, a ba ta bitamin A saboda ido.

Inna Mai Ƙosai:
'Yata, ki lallaɓa Hajiya da girmamawa, haka muka taso muka tarar. Ni ma na kulle ɗana na fari a ɗaki, ba wanka, ba iska, sai jiƙe-jiƙe. Ƙurajen sun baje, idon hagu kuwa ya yi fari. Yau da 'ya'yansa huɗu, da ido ɗaya yake gani. Jikokina ni nake goya su zuwa rigakafi.

Maman Abba:
Allah sarki Inna. Na gode maku. Na ciro katin daga ƙasan akwati, Baban Abba ya ce shi zai yi wa Hajiya magana bayan isha'i.